Yadda ake kama gidan hutu a ƙauyen Ingila, a kuma zaga karkarar Cotswolds

Zuwanmu na farko mun isa ƙofar gidan bayan magariba, ana yayyafi, yara sun yi barci a bayan mota. Makullin gidan yana cikin wani ɗan akwatin ƙarfe da aka kafa a jikin bango, lambar buɗe akwatin kuma tana cikin imel ɗin da wayata ta ƙi buɗewa, don babu sabis ko ɗigo a ƙauyen. Sai da na koma mota na hau wani tudu bayan gari, sannan saƙon ya shigo. Da muka shiga, firij wayam. Kanti ɗaya tilo da ke ƙauyen ya rufe tun da yamma. Biskit da ruwan shayi muka kwana da su.

Laifina ne, don na ɗauka otal zan je. Irin wannan gida, wanda Turawa ke kira kotej, gidan mutum ne sukutum ake ba ka haya na kwanaki: ɗakunan kwana, falo, kicin da tukwane, wani lokaci har da ɗan lambu. Babu mai tarbarka, babu mai dafa maka, babu mai gyara maka gado. Kai ne maigida, kai ne ɗan aike. Ga 'yan uwa da ke karatu ko aiki a Birtaniya, ko waɗanda suka zo ziyara suna son su ga wani abu bayan kantunan Landan, ga yadda nake tsara tafiyar yanzu. Na ɗauki yankin Cotswolds domin shi na fi sani. Karkara ce mai tuddai a yammacin Oxford, mafi yawanta a gundumar Gloucestershire, faɗinta kusan murabba'in mil 790, kuma tun 1966 hukuma ta sa ta cikin wuraren da ake kiyayewa saboda kyawunsu.

Mataki na farko: tsayar da lokaci kafin ka nemi gida

Lokaci shi ke yanke farashi. Daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba makarantu na dogon hutu, a nan haya ke tsada, a nan kuma ƙauyukan ke cika maƙil da baƙi. Haka ma makon hutun tsakiyar zango, da Kirsimeti da Ista. Idan ba ka da yara 'yan makaranta, nemi Mayu, Yuni ko tsakiyar Satumba. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, kana da yini mai tsawo na yawo, sai dai isha'i da asuba suna matsowa kusa da juna har barci ya yi wuya. A Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Gidan zai yi araha, zaman gaban murhu da daɗi, amma yawon kaɗan ne.

Yawancin masu gidajen suna bayar da haya ta mako guda, daga Juma'a zuwa Juma'a ko Asabar zuwa Asabar. Akwai kuma gajeren zama, Juma'a zuwa Litinin ko Litinin zuwa Juma'a. In karon farko ne, kwana uku ko huɗu sun isa ka gane ko abin naka ne.

Mataki na biyu: zaɓen ƙauye da zaɓen gida

Tambayi kanka tukuna: da mota zan je ko babu? In babu mota, kada ka yi nisa da Moreton-in-Marsh. Jirgin ƙasa daga tashar Paddington ta Landan yana kai ka can cikin kimanin awa ɗaya da rabi, daga nan kuma bas mai lamba 801 yana bi ta Stow-on-the-Wold da Bourton-on-the-Water ya nufi Cheltenham. Bas ɗin karkara ba ya yawan zuwa, ba ya kuma kai dare, don haka duba jadawalinsa kafin ka biya kuɗin gida, ba bayan ka biya ba.

In da mota, shawarata ita ce kada ka kwana a tsakiyar ƙauyukan da suka yi suna. Bourton da rana kamar kasuwa take. Nemi ƙaramin ƙauye mai nisan mil biyu ko uku daga gare su, inda da safe ba abin da za ka ji sai kukan tumaki da ƙararrawar coci.

Ana samun gidajen a shafukan intanet na Airbnb, da Sykes Holiday Cottages, da kuma National Trust, ƙungiyar da ke kula da tsofaffin gine-gine, wadda ita ma take bayar da wasu haya. Hotuna kowa ya iya ɗauka. Abin da za ka karanta da kyau shi ne bayanin da ke ƙasa da kuma ra'ayin waɗanda suka kwana a baya, musamman masu ƙorafi. Ka duba ko akwai wurin fakin na gidan, domin tsofaffin gidajen an gina su tun kafin a san mota, wasu sai ka ajiye ta nesa ka ɗauko kaya a ka. Ka duba matakalar bene. Da yawa a tsaye suke, ga ƙunci, in da tsohuwa ko mai ciwon gwiwa a tafiyar, nemi gida mai ɗakin kwana a ƙasa. Ka duba ko kuɗin wuta da ɗumama ɗaki da zannuwan gado da tawul suna cikin farashin. Sannan batun kare: Turawa suna tafiya hutu da karnukansu, gidaje da yawa kuma suna alfahari da cewa suna karɓar kare, har kan kujera. Wanda ba ya son ya shimfiɗa darduma inda kare ya kwana jiya, akwai wurin tacewa a shafin, ya zaɓi gidajen da ba a shiga da dabba.

Biya ta cikin shafin kawai. Wanda ya ce ka turo kuɗi asusunsa kai tsaye don ya rage maka, rabu da shi. Galibi ana biyan kafin alƙalami, sauran kuma makonni kafin ranar zuwa, wasu su riƙe kuɗin ajiya da za a mayar maka idan ba ka fasa komai ba. Karanta sharaɗin fasa tafiya kafin ka danna.

Mataki na uku: rubuta wa mai gidan

Mako guda kafin tafiya aika masa saƙo gajere. Ka nemi lambar akwatin makulli, da kwatancen gidan, da lambar intanet ɗin gidan. Gidajen ƙauye da yawa da sunaye ake kiran su maimakon lamba, kuma lambar unguwa (postcode) ɗaya tana iya haɗa gidaje da ke warwatse cikin gonaki, sai na'urar nuna hanya ta sauke ka a bakin shingen wani. Duk abin da ya aiko, kwafe shi a takarda. Ka riga ka ji dalili.

Wasu masu gida suna ajiye wa baƙo ɗan abin tarba a kan tebur: burodi, madara, kek, sau da yawa har da kwalbar giya. Faɗa masa tun da wuri, cikin ladabi, cewa ba ku sha. Ba ya jin haushi, hasali ma yakan musanya da ruwan tuffa.

Mataki na huɗu: guzuri

Nan ne mutanenmu suka fi yin sakaci. A ƙauyukan nan ba za ka samu naman halal ba, ba attarugu, ba manja. Ka taho da su daga garinku, ko ka tsaya a hanya: titin Cowley a Oxford cike yake da shagunan halal, haka unguwar titin Barton a Gloucester, kuma akwai masallatai a duka garuruwan biyu, da Banbury da Cheltenham. Tunda ba a shiga gidan sai ƙarfe uku ko huɗu na yamma, in ranar Juma'a ce sai ka yi sallar Juma'a a ɗaya daga cikinsu, ka yi cefane, ka isa daidai lokacin da mai shara ta gama. Uwargida takan dafa miya tun a gida ta daskarar da ita, mu sa a kula. Daren farko shinkafa kawai ake ɗorawa.

Ka tuna cewa a Ingila doka ba ta bar manyan kantuna su wuce awa shida a buɗe ranar Lahadi ba, yawancinsu ƙarfe huɗu sun rufe.

Sai buta. Ba za ka same ta a banɗakin Bature ba, ka sa taka a mota. Wasu tsofaffin gidajen daɓen katako ne a banɗakin, wani ma har da kafet, ruwa in ya zuba yana iya ɗiga ta silin ɗin falo. Alwala a cikin bahon wanka ko a kwanon wanke hannu, a kuma gargaɗi yara. Darduma, da rigar ruwa ga kowa, da takalmi mai tauri wanda ba ka jin tausayinsa, da tocila, domin yawancin ƙauyukan ba fitilun titi. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin na Najeriya, ruwan famfo kuma ana sha.

Mataki na biyar: tuƙi a hanyoyin karkara

A hagu ake tuƙi, gudun mota da mil ake ƙirga shi, kuma lasisin ƙasar waje irin na Najeriya yana aiki wata 12 ne kawai. Wanda ya daɗe a ƙasar ya duba nasa. Babbar hanyar da ta ratsa Moreton da Stow zuwa Cirencester, A429, miƙaƙƙiya ce don a kan tsohuwar hanyar Rumawa aka shimfiɗa ta. Da ka sauka daga kanta labari ya canza. Hanyoyin ƙauye kamar burtali suke, faɗin mota ɗaya, shingen itatuwa ko katangar dutse dama da hagu, ba ka ganin abin da ke bayan kwana. Za ka ga allo fari mai baƙin layi a karkace, ma'anarsa an yarda ka yi har mil 60 a awa. Kada ka biye masa.

In kun yi kiciɓis da wata mota, akwai 'yan wuraren da aka faɗaɗa don kaucewa. Wanda ya fi kusa da irin wannan wuri shi ke yin ribas, a kan tudu kuma mai gangarowa ke ba mai hawa hanya. Wanda aka kauce masa ya ɗaga hannu, ko da yatsa ɗaya ne a kan sitiyari. Rashin yin haka a wurinsu kamar ka wuce dattijo ba gaisuwa ne. Idan ka tarar da mai doki, sauko ƙasa da mil 10, ba shi tazarar mita biyu, kada ka kuskura ka danna hon.

Mataki na shida: awa ta farko a cikin gidan

Sunkuya. Da gaske nake. Ƙofofi da gungumen da ke riƙe da rufi gajeru ne, duk dogon mutum sai ya sha karo sau ɗaya kafin ya koya.

A kan teburin kicin za ka ga wani fayil da mai gida ya rubuta komai a ciki: yadda ake kunna na'urar ɗumama ɗaki, inda ake kashe ruwa, ranar da ake fitar da shara da irin kwandon da kowace shara ke shiga, lambar likita mafi kusa. Zauna ka karanta shi kafin a kwance jaka. Ka zaga ɗakunan, in ka ga abin da ya riga ya fashe ɗauki hotonsa ka tura nan take. Ka duba alƙibla, daga nan tana kudu maso gabas.

Murhun itace shi ne abin da yara suka fi so, shi ne kuma ya fi buƙatar hankali. Akwatin ƙarfe ne mai ƙofar gilas. Buɗe mashigar iska gaba ɗaya, jera ƙirare, kunna, ja ƙofar, sai wuta ta kama sosai ka sa manyan itace ka rage iskar. Jikinsa yana yin zafin da zai sale fatar yaro, a sa shingen ƙarfen da ke gefe. Tabbatar na'urar da ke ƙara idan iska mai guba ta taru tana nan a ɗakin. Kada kuma a kwashe toka mai ɗumi a zuba a kwandon roba. In za a soya wani abu buɗe taga, don na'urar jin hayaƙi ba ta san suyar albasa ba, za ta tashi unguwa. Gidaje da yawa sokawe suke amfani da shi, ba babban bututun gari ba, saboda haka ban da takardar banɗaki ba a jefa komai a masai. Lambar gaggawa 999, rashin lafiyar da ba ta kai gaggawa ba 111.

Mataki na bakwai: fita yawo, kuma da ƙafa

Kuskuren da na yi a karon farko shi ne jera ƙauyuka shida a yini guda, muna shiga mota muna fita, muna neman fakin, muna ɗaukar hoto. Da yamma ba wanda ya iya bambance wannan da wancan. Yanzu wuri ɗaya nake sa wa a gaba da safe, sauran yinin kuma a taka.

Abin da ya fi ba ni mamaki a ƙasar nan shi ne hanyoyin ƙafa da doka ta ba kowa damar bi, ko da sun ratsa tsakiyar gonar mutum. Kibiya ruwan ɗorawa a jikin gungume tana nufin ta masu ƙafa ce, shuɗiya kuma har da doki da keke. Sayi taswirar Ordnance Survey, hukumar zana taswira ta ƙasar, mai lamba OL45, ko ka sauke ta a waya tun kana da intanet. Ƙa'idar ba ta da yawa: tsaya a kan turbar, ƙyauren gona ka bar shi yadda ka same shi, a buɗe ko a rufe, kada ka hau katangar dutse domin jera ta aka yi ba siminti, ka kuma koma da shararka. Tumaki ba ruwansu da kai. Shanu masu 'yan maruƙa kuwa a ba su wuri, a zagaye su a hankali, ba gudu ba ihu. Akwai wani ganye mai gefe kamar zarto da ke girma a bakin hanya, in ya taɓa fata sai ta yi raɗaɗi da borin ƙaiƙayi, don haka yara su sa dogon wando, a kuma duba jikinsu da dare saboda kaska. Inda za ka taka kwalta babu gefen masu ƙafa, bi hannun dama kana fuskantar motoci.

Fara da mai sauƙi. Daga Bourton-on-the-Water, inda kogin Windrush ke ratsa tsakiyar gari ƙarƙashin 'yan gajerun gadoji na dutse, ruwan bai kai gwiwa ba, ka taka kamar mil ɗaya da rabi zuwa Lower Slaughter, ka ƙara mil guda ta cikin makiyaya zuwa Upper Slaughter. Sunan yana kama da kalmar yanka a Turanci, har ɗana ya tambaya ko mayanka za mu je, amma asalinsa tsohuwar kalma ce mai nufin wuri mai taɓo. In an yi ruwa za ka yarda da masu sunan. A Lower Slaughter akwai tsohon injin niƙa mai aiki da ruwa a bakin rafin Eye, da benci inda za ka buɗe fulas ɗin shayi. Mun taɓa yin azahar a gefen makiyayar can, wata tsohuwa da karenta ta ja shi ta tsaya nesa har muka sallame, sannan ta wuce tana cewa yau an samu rana.

Ka lura da wannan: a hanyar ƙauye duk wanda kuka haɗu zai gaishe ka, ba kamar Landan ba. Amsa, ka ƙara da maganar yanayi, ita ce "ina gajiya" ta Bature.

Wata rana ka ba Chipping Campden. Dukiyar yankin nan gaba ɗaya daga ulun tumaki ta fito a zamanin da, ita ta gina manyan coci-coci da gidajen dutse masu launin zuma da kake gani. A tsakiyar garin akwai rumfar kasuwa ta dutse da aka gina a 1627, daɓenta ya lotsa saboda sawun mutane. Daga nan doguwar turbar Cotswold Way ta tashi, mil 102 har birnin Bath. Ba sai ka yi ta duka ba. Hasumiyar Broadway tana kan turbar, a kan tudu mai tsayin fiye da mita 300, in sama ta washe kana hango ƙasa har ido ya gaji. Ku tafi da rigar sanyi ko da rani ne.

Bibury kuwa sai da sammako. Jerin gidajen Arlington Row, waɗanda aka fara ginawa wajen 1380 a matsayin rumbun ulu kafin a mayar da su gidajen masaƙa a ƙarni na 17, su ne hoton da kowa ke zuwa ɗauka, kuma kafin hantsi manyan motocin 'yan yawon buɗe ido sun cika wurin. Mutane na zaune a cikin gidajen. Kada ka leƙa taga, kada ka jingina da ƙofar wani don hoto. Ranar da ruwa ya hana yawo, Cirencester na nan kusa, gari ne tun zamanin Rumawa, da gidan tarihin Corinium. In Talata ta same ka a yankin, ranar kasuwar Moreton ce.

Abinci a waje: mashayar ƙauye ita ce kuma gidan cin abincinsu, iyalai na shiga da yara. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da ita ba, akwai shagunan shayi da kek a kusan kowane gari, sai dai suna rufewa da wuri. In kifi da dankali za ka saya, tambaya ko an kwaɓa fulawar da giya da kuma irin man da aka soya, domin wasu da kitsen dabba suke suya. A bakin wasu gonaki za ka ga ɗan akwati da ƙwai ko zuma, an rubuta farashi, ba kowa a wurin. Ɗauka za ka yi ka jefa kuɗin a gwangwani. Riƙe 'yan sulalla saboda wannan.

Mataki na ƙarshe: barin gidan

Ƙarfe goma na safe ake fita a mafi yawan gidaje, kuma goma ɗin goma ce, don mai shara tana da awanni kaɗan kafin wasu baƙin su iso. Haɗa kaya tun dare. Da safe a wanke kwanuka a mayar inda aka same su, a kwashe firij, a rarraba shara yadda fayil ya ce, a buɗe tagogin kicin na ɗan lokaci saboda ƙamshin daddawa ba kowa ya saba da shi ba. In kun fasa kofi, faɗa, yawanci ba sa cajin komai a kan ƙaramin abu. Leƙa ƙarƙashin gadaje da bayan ƙofar banɗaki, inda caja da buta suka saba maƙalewa. Rufe tagogi, rage na'urar ɗumama ɗaki, mayar da makulli cikin akwatinsa, ka juya lambobin kada ka bar su a kan ta buɗewa.